Yadda na yi allurar Botox a wuya: abin da ta gyara da abin da ta bari

Sana'ata sayar da gwal ce, sarƙa da 'yan kunne da warwaro, a Abuja. Duk wadda ta zo sayen sarƙa sai ta zame mayafi ta miƙo mini wuyanta in ɗaura mata, sannan ta juya ga madubi. Na ga wuyan amare, na ga na iyayensu mata, har na iya gane lokacin da mace take duba madubi alhali ba sarƙar take kallo ba. Za ki ga ta kai yatsa ta shafa wajen maƙogwaro, can ta ce, "Hajiya, ba ki da wadda ta fi wannan faɗi?" Abin rufewa take nema, ba ado ba.

Nawa wuyan ya canja ne bayan na haura shekara hamsin. Likita ya ce sukarina ya hau, na rage tuwo, na bar lemon kwalba, na kama tattaki da yamma, ƙiba ta zube sosai. Jiki ya yi mini daɗi, gwiwoyina suka huta, amma sai wasu igiyoyi suka fito daga ƙarƙashin haɓata suka gangara har gindin wuya, biyu a dama, ɗaya a hagu. In ina zaune shiru ba su cika bayyana ba. Da zarar na ɗaga murya, ko na yi dariya, ko na ƙwala wa yarinyar shago kira, sai su miƙe tsaye. A bidiyon da nake ɗauka in tura wa matan da ke sayen kayana a WhatsApp na fi ganinsu, don a wuyana nake gwada sarƙar. Masu ba da shawara suka yi ta bayarwa: a sha ruwa da yawa, a shafa man kaɗanya, a murza da man zaitun da dare. Man kaɗanya ya gyara mini fata ƙwarai, igiyoyin dai suna nan inda suke.

Wata mai saye a wurina, wadda ta girme ni amma wuyanta sumul, ita ta fara raɗa mini maganar allurar Botox. Sai da ta jira shagon ya watse, ta ce in riƙe a cikina, ko 'ya'yanta ba su sani ba. Ta ba ni lambar wata mata mai zuwa har gida da 'yar kula a hannu, ta yi miki a ɗakinki, kuɗin kuma bai kai rabin na asibiti ba. Na ajiye lambar, na kai maganar gaban ɗiyata ta fari, wadda ta karanta harhaɗa magunguna.

"Umma, kin san abin da ke cikin kwalbar nan kuwa?" Abin da ta fara ce mini ke nan. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani tiryan-tiryan. Guba ce da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum take fitarwa, tana kuma cikin mafiya ƙarfin gubar da aka sani. Ita ce take shanye jikin mutumin da ya ci abincin gwangwani ko naman da aka adana ba daidai ba. A 1895, a wani ƙauye na Beljiyam, wasu makaɗa suka ci nama mai gishiri bayan jana'iza, uku suka mutu, a nan ne wani masani, Emile van Ermengem, ya gano ƙwayar. Aikin gubar shi ne ta toshe saƙon da jijiya take aika wa tsoka cewa ta motsa. Saƙon yana tafiya ne ta wani sinadari da ake kira asetilkolin. In gubar ta hana jijiya sakinsa, tsokar sai ta saki jiki ta kwanta. A cikin gurɓataccen abinci tana bin jini ta kama jiki duka har numfashi. A hannun likita kuwa, ɗigon da ido ba ya iya gani ake sa wa tsoka guda, ta huta na 'yan watanni, jijiyar ta farfaɗo, motsi ya dawo.

Ta ce ba don kwalliya aka fara ta ba. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara amfani da ita wajen gyara harara-garke, hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita don haka a 1989. Wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, ita da mijinta Alastair, likitan fata, suka lura masu karɓar allurar kusa da ido tamojin tsakanin girarsu yana ɓacewa. A 2002 aka amince da ita don wannan. Na wuya kuwa, likitoci sun daɗe suna yi bisa ƙwarewarsu, amma sai a watan Oktoba na 2024 FDA ta amince da Botox don igiyoyin wuya a hukumance, da adadi da wuraren da za a soka. Ta rufe da cewa, "In za ki yi, Umma, ba zan hana ki ba. Amma wallahi ba a ɗaki ba, kuma ba daga cikin kula ba. Wuya ba goshi ba ne."

Kafin in nemi likita sai da na warware abin da ya fi damuna, wato hukuncin abin a addini. Ayar da ke cikin Suratun Nisa'i a kan canza halittar Allah ba abin wasa ba ce, ban kuma so in yi abin da zan dinga jin nauyinsa a kan sallaya. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta faɗa mini gaskiya cewa malamai sun saɓa. Akwai masu ganin in ba lalura ba ce, ado ne kawai, a bari. Akwai masu ganin tunda ba yanka ba ne, ba dawwamamme ba ne, yana gushewa da kansa, to ya halatta da sharaɗin babu cutarwa, babu haramtaccen abu a ciki, ba a yi don yaudarar wani ba, kuma ba almubazzaranci. Ɗiyata ta karanta mini abin da ke cikin kwalbar Botox daga takardar kamfanin: gubar, da gishiri, da wani sinadarin furotin da ake tacewa daga jinin ɗan Adam mai suna albumin. Na mayar wa malama wannan ma. Na yi istihara, na shaida wa Alhaji, ya ce in dai a asibiti ne kuma hankalina ya kwanta, ba shi da ja. Ba fatawa nake bayarwa ba. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta bari, ba ta rasa komai ba, kuma ina girmama ta a kan haka.

Likitar fata na nema, mace, wadda ɗiyata ta bincika ta tabbatar tana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Zuwan farko ba a taɓa allura ba sam, magana ce da dubawa, kuma a ganina wannan zaman ya fi ranar allurar muhimmanci.

Ta zaunar da ni gaban madubi, fitila tana haskowa daga gefe. "Hajiya, ki cije haƙora, ki ja gefen bakinki ƙasa da ƙarfi." Na yi. Igiyoyin suka tashi fiye da yadda na taɓa ganinsu, tun daga haɓa har ƙashin da ke gindin wuya. Ta kama ɗaya da yatsa biyu, ta ce in saki, ta sulale daga hannunta. Ta ce wannan ba jijiya ba ce kamar yadda muke faɗa, tsoka ce, sunanta platisma. Shimfiɗe take a ƙarƙashin fata, ba kauri, daga saman ƙirji ta haura wuya ta kama muƙamuƙi da gefen baki. Ta ɗauki gefen mayafina mai shara-shara ta ja shi da hannu biyu, layuka suka tashi a tsaye a jikinsa. Ta ce haka tsokar take yi. Lokacin ƙuruciya fata mai kauri da kitsen da ke ƙarƙashinta suna rufe ta. In shekaru suka ja fata ta yi siriri, ko mutum ya rame, sai gefunanta su bayyana.

Daga nan ta raba mini wuyan gida uku, abin da har yau nake maimaita wa mata a shago. Akwai tsoka, akwai fata, akwai kitse. Allurar ta tsoka ce kaɗai. Ta kama fatar da ta ɗan sauko a ƙarƙashin haɓata ta ce, "Wannan ba za ta tafi ba, Hajiya. Kada ki biya kuɗi kina sa ran za ta tafi." Ta nuna layukan da suka gitta wuyan a kwance, ta ce su ma ba aikin wannan allura ba ne sosai. Mai kitse a ƙarƙashin haɓa, ko wadda fatarta ta saki da yawa, ko wadda igiyoyinta suke rataye ko da ba ta motsa ba, ba za ta ga abin kirki ba. Irin wannan sai tiyata ko wata hanya dabam. Wadda ta fi dacewa ita ce mai igiyoyin da suke tashi da motsi, fatarta kuma da sauran ƙarfi. Ta ce ina tsakiya: tsokar za ta amsa, fatar za ta zauna yadda take. Na ji daɗin wannan magana duk da ba ita na so ji ba, don wanda yake son kuɗinki kawai ba ya rage miki buri.

Sai tambayoyi, masu yawa. Ta lalubi gaban wuyana ta ce in haɗiye yawu, tana duba ko akwai maƙoƙo. Ta tambayi ko na taɓa samun wahalar haɗiya, ko yawan ƙwarewa in ina shan ruwa, ko dashewar murya, ko ciwon da ke raunana tsoka irin wanda fatar ido take faɗuwa da yamma. Mai irin wannan ciwo ba a yi mata. Mai ciki da mai shayarwa ma ba a yi musu, haka wadda take da ƙurji ko gyambo a wurin. Ta tambayi ko ana yi mini allurar jentamaisin, wadda ake yawan bugawa a kemis, don ita da 'yan uwanta suna ƙara wa gubar ƙarfi. Ta tambayi asfirin da maganin ciwon jiki irin su ibuprofen, saboda suna sa jini ya kwanta a wurin da aka soka, amma ta ja kunnena cewa in likita ne ya ɗora mutum a kan asfirin, ba a dainawa sai da izininsa. Ta kuma tambaye ni kai tsaye ko ina shafa man bilicin. Ba na shafawa, amma na gane dalilin tambayar, don na sha ganin wuyan da man ya cinye, fatar ta yi siriri har jijiyoyin jini suna nunawa kore-kore. Irin wannan fata tana saurin tara jini, tana kuma jinkirin warkewa.

Abin da ta fi daɗewa a kai shi ne haɗarin. A ƙarƙashin wannan siririyar tsoka akwai tsokokin da muke haɗiya da su, da na murya, da masu ɗaga kai. In allura ta nutse fiye da kima, ko aka zuba da yawa, ko aka soka a tsakiyar maƙogwaro, maganin zai iya kai musu. Sai mutum ya ji abinci yana tsaya masa, ko murya ta dashe, ko wuya ya yi rauni. In kuma aka matsa sama kusa da haɓa, zai iya taɓa tsokar da ke jan leɓen ƙasa, murmushi ya karkace gefe guda. Babu allurar da za a yi ta warware wannan nan take. Sai dai a jira makonni har ya sake da kansa. Ta nuna mini gargaɗin da ke saman takardar maganin, cikin baƙin akwati, wanda FDA ta wajabta tun 2009, cewa gubar tana iya yaɗuwa nesa da inda aka sa ta. Ta ce a ƙaramin adadin da ake yi don kwalliya hakan ba ya cika faruwa, amma dole in sani kafin in sa hannu. Na tafi da takardar gida, muka karanta da ɗiyata, sannan na sa hannu.

Na zaɓi safiya da gangan. An ce bayan allurar kada in kwanta ko in daɗe a sunkuye na kamar awa huɗu, don haka na lissafa yadda lokacin zai cika kafin azahar, in yi ruku'u da sujada hankali kwance. Na karya kumallo, ban sa sarƙa ba, ban shafa mai ko turare a wuya ba, na sa riga mai faɗin wuya a ƙarƙashin hijabi.

Da na zauna, ma'aikaciyar jinya ta buɗe firji a gabana ta ɗauko kwali a rufe. Likita ta miƙo mini ta ce in karanta suna da ranar lalacewa, in kuma duba lambar da ke kwalin ta yi daidai da ta jikin kwalbar. Da na ɗaga kwalbar sai na ga kamar babu komai a ciki. Na juya ta a haske, sai can a gindi na hango wani ɗan farin dusu-dusu manne da gilashin. Ta ce shi ke nan maganin, yunit 100 ne a busasshe, yunit kuwa shi ne ma'aunin maganin. Ta zuƙo ruwan gishiri na asibiti a sirinji ta soka a murfin robar, ban ga ta danna ba, kwalbar da kanta ta janye ruwan. Ta ce an zuƙe iskar ciki tun daga kamfani. In kwalba ba ta ja ruwa haka ba, alama ce ta sha iska, zubar da ita ake yi. Ta juya ta a hankali tsakanin yatsu, ba ta girgiza ba, ruwan ya fito garau.

An ɗauke ni hoto ta gaba da ta gefe, wuya a sake da kuma a ɗaure. Aka goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai sanyi. Ta ce in sake cije haƙora, ta ɗauki farin fensir, don shi yake fitowa a baƙar fata, ta ɗiga alama huɗu a kowane gefe, ɗan ƙasa da ƙashin muƙamuƙi, sannan alama biyar-biyar a kan kowace igiya, tsakaninsu santimita ɗaya zuwa biyu. Ta yi mini lissafin da baki: na layin muƙamuƙi yunit biyu-biyu, ya zama 16, na igiyoyi yunit ɗai-ɗai, biyar a kowace igiya. Mai igiya biyu 26 ke nan, mai uku 31, mai huɗu 36. Nawa 31. Ta ƙara da cewa wannan lissafi na Botox ne kaɗai. Akwai na wasu kamfanoni, irin su Dysport da Xeomin, kowanne da ma'auninsa, ba a ɗaukar yunit ɗin wannan a auna wancan da shi. Don haka in wata ta ce miki an yi mata yunit kaza, tambayi na wane kamfani.

A zaune aka yi, ba a kwance ba, kaina a miƙe. Ma'aikaciyar ta ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na ɗan lokaci, tana ta "Sannu Hajiya, yanzu za a gama." Allurar siririya ce ƙwarai, gajera. A kowace alama likita takan ce, "Ɗaure," in ɗaure wuya, ta kamo igiyar da babban yatsa da manuni ta ɗago ta daga jikin wuyan, ta soka sama-sama, ta ce, "Saki." Wannan ɗagowar ita ce sirrin aikin, don ita take nisanta bakin allurar daga abin da ke ƙasa. Zafin ɗan tsini ne da raɗaɗi kaɗan lokacin da ruwan yake shiga. Na kusa da gindin wuya sun fi zafi, har idona ya kawo ruwa. Na layin muƙamuƙi da kyar na ji su. A wuri ɗaya jini ya ɗan fito, ta danne da auduga ta riƙe, ta ce nan zai yi duhu. Ina ta salati a zuci, kafin in ankara ta ce an gama, duka bai wuce minti goma sha biyar ba. A madubi na ga 'yan ƙulu-ƙulu a jere a kan kowace alama. Kafin in kai gida sun baje.

An sallame ni da takardar ƙa'idoji. Kada in murza wurin ko in bari a yi mini tausa. Ban da motsa jiki mai ƙarfi a ranar, ban da surace da ruwa mai zafi sosai. Na tambayi dilka da halawa, don akwai biki a gabanmu, ta ce a bar wuya daga ciki har sai na dawo ta duba. In kai ya yi ciwo, farasitamol. Ta rubuta lambarta da hannunta ta ce in na ji haɗiya tana gagara, ko numfashi, ko ina gani biyu-biyu, ko magana tana sarƙewa, ko da tsakar dare ne kada in jira gari ya waye, in nufi asibiti in kuma kira ta a hanya.

Kwanakin farko babu abin da ya canja, an kuwa riga an gaya mini haka. Wurin da ya yi jini ya zama ɗan tabo mai duhu, ya ɗauki fiye da mako kafin ya washe. Na riƙa lura da haɗiyata a kowane cin abinci, har da busasshen abu irin kilishi, lafiya lau. Wajen ƙarshen makon farko na cije haƙora gaban madubi, sai na ga igiyar hagu ta ƙi tashi, na dama kuma sun tashi rabi. Abu ɗaya da na ji a jikina shi ne in ina kwance rigingine na zo ɗaga kai daga matashi, sai in ji ya ɗan yi nauyi. Na kira likita, ta yi mini tambayoyi a kan haɗiya da murya da numfashi, ta ce in juya gefe in tashi da hannu, in kuma ya ƙaru in zo. Bai ƙaru ba, bayan 'yan makonni na daina jinsa.

A cikar mako biyu, lokacin da maganin yake kai ƙololuwar ƙarfinsa, na koma aka sake hoto, aka jera da na farko. A hoton da wuya yake ɗaure bambancin a fili yake: igiyoyi uku sun kwanta, sai ɗan alamar ɗaya a can ƙasa. Layin muƙamuƙina ya ɗan fito fiye da da, don tsokar ta daina jan gefen fuska ƙasa. A hoton da wuya yake sake kuwa, bambancin kaɗan ne. Fatar ƙarƙashin haɓa tana nan, layukan kwance suna nan, kamar yadda aka faɗa mini. Wuyan mace mai shekara hamsin da ɗoriya ne, wanda ya daina ɗaurewa in tana magana. Ni kuma abin da na je nema ke nan. Na koma ɗaukar bidiyon kayana ba tare da ina karkata kai ina neman inda haske zai ɓoye wani abu ba, siririyar sarƙa ma ta koma zama daidai a wuyana.

Cikin wata na uku motsi ya fara dawowa, a na huɗu igiyoyin sun koma kusan yadda suke. Ba su fi da muni ba, kamar yadda wasu suke tsoratarwa. Ido ne ya saba da rashinsu. A nan ne ya kamata mace ta yi lissafi da kyau, don abin ba na sau ɗaya ba ne. Da yunit ake sayarwa, daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, ga kuɗin ganin likita. Wadda take son wuyan ya zauna haka duk shekara za ta yi kamar sau uku. Ba a kuma maimaitawa kafin wata uku ya cika, don yawan yi kusa-kusa yana iya sa jiki ya ƙera garkuwa a kan maganin ya daina kamawa. Kuɗin makarantar yaro ko na maganin sukari ba a taɓa shi don wannan.

Tsadar ce take tura mata wurin masu kula, ɓoyewar kuma ta hana su tambaya. Wannan shi ya sa na rubuta da bakina. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi diddigin mutanen da suka kwanta asibiti a jihohi da dama bayan an yi musu allurar jabu ko a hannun waɗanda ba su da lasisi, wasu a gidaje. A 2025 aka sake samun irin haka a Ingila, musamman arewa maso gabashinta, mutane suka zo asibiti da wahalar haɗiya da numfashi. Ƙasashen da ke da tsauraran dokoki ke nan. Maganin nan a firji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, in an haɗa shi da ruwa kuma cikin awa 24 ake amfani da shi. Ki auna wannan da zafinmu da yadda wuta take zuwa ta tafi, da kwalbar da ta kwana a jaka daga filin jirgi zuwa gidan wata. In zafi ya kashe maganin, asarar kuɗi ce kawai. In kuwa jabu ne, babu wanda ya san yawan gubar da ke ciki, a wuya kuma za a zuba shi. Sannan macen da ko 'ya'yanta ba su san ta yi ba, ranar da ruwa ya fara sarƙe ta, wa zai gaya wa likitan gaggawa abin da ke damunta? Za a yi ta neman shanyewar ɓarin jiki ana ɓata lokaci.

Yanzu in mace ta nemi sarƙa mai faɗi ta kuma yi mini tambaya, ina gaya mata na yi, da inda ya yi aiki da inda bai yi ba. Ina ce mata ta tabbatar likita ne mai rajista, ta ga an buɗe kwalin a gabanta, ta tambayi sunan kamfani da yawan yunit a rubuta mata, kuma mutum ɗaya a gidanta ya sani. Biyu daga cikin waɗanda na tura an dawo da su ba a yi musu ba, ɗaya saboda fatar ce matsalarta ba tsoka ba, ɗaya kuma an ce ta fara barin man bilicin tukuna. Ni kuma na yanke ba zan riƙa yi duk bayan wata huɗu ba, sai lokacin da kasuwa ta buɗe, gabanin bukukuwan ƙarshen shekara. Likita ta rubuta a katina cewa in na dawo za ta bar alamar ƙasa ta kowace igiya ta ɗan matsa sama, saboda nauyin kan da na ji wancan karon.